Motar da Baba Hemba Ya Auna

Cikakken sunan mahaifina Aondohemba, amma a Lafiya ba kowa ke iya kai sunan ƙarshe ba, don haka tun yana saurayi aka gutsure shi ya koma Hemba. Yanzu da furfura ta rufe masa kai, Baba Hemba ake kiransa daga Tudun Gwandara har bakin kasuwa. Shekara ashirin da tara ya yi yana tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya a wani asibitin gwamnati a nan cikin gari, kuma har ranar da ya miƙa makulli ya yi ritaya, bai taɓa mallakar mota tasa ta kansa ba. Abin hawansa wani tsohon babur ne da ya girme ni a gidanmu.

A wani ƙauye kusa da Agyaragu aka haife shi, iyayensa Tibi ne manoman doya. Bai wuce aji shida a makaranta ba. Ya fara da bin motar doya yana lodi yana saukewa, direban ya ga yana da natsuwa ya koya masa tuƙi, daga nan ya samu lasin, daga lasin ya samu aikin asibiti. Abin da nake tunawa muna yara shi ne farar rigarsa da Mama ke goge masa kowace safiya, da warin maganin wanke ƙasa da ba ya rabuwa da hannunsa, domin shi da kansa yake wanke cikin motar duk lokacin da ya sauke mutum. Ba ya son kunna jiniya sai ya zama dole. Yakan ce ƙararta masu lafiya take kora daga hanya, amma wanda ke kwance a baya ita ke gaya masa cewa abin ya yi tsanani.

Ba mai yawan magana ba ne. Mama ce mai maganar gidanmu. Ursula sunanta, tela ce, kekenta na ƙofar ɗaki, kuma tana iya ɗinka riga tana faɗa da mai gawayi tana kuma tambayata aikin makaranta duk a lokaci guda. Da Baba ya bar aiki sai suka koma noma sosai a wata gona da ya saya can bayan Adogi, doya da rogo da ɗan riɗi. Da safe su hau babur su tafi, da la'asar su dawo da buhu a ɗaure a baya.

Shekara biyu da suka wuce, cikin watan Agusta, suna ciyawa a gonar, Mama ta ce kanta ya yi nauyi. Ta zauna gindin kashu. Kafin Baba ya kawo mata ruwa bakinta ya karkace, hannunta na dama ya saki. Babu mota a wannan hanya, ko keke napep ba ya shiga da damina. Wakili, wani Bafulatani da rugarsu ke gefen gonar, shi ya ji kiran Baba ya sheƙo. Baba ya ɗaure Mama a bayansa da zaninta, Wakili ya zauna a baya ya tallafe mata kai, suka taho su uku a kan babur har Lafiya. Ta rayu. Maganarta ta dawo bayan wata huɗu, ƙafar ma ta ɗan dawo, tana takawa da sanda. Hannun ne dai bai dawo ba, aka lulluɓe keken ɗinki da tsohon labule.

Sau biyu a mako ake kai ta asibiti motsa jiki. Ni malamar firamare ce, ba kullum nake samun fita ba, don haka Baba ke tare keke napep ya ɗaga ta ya saka, su yi ta girgiza a ramuka har su isa. Ƙanena Terfa, da ke aiki a Abuja, ya zo Kirsimeti ya ga yadda ake yi. Da zai koma ya ja ni gefe ya ce, “Vera, mu haɗa ƙarfi mu saya wa Baba mota. Ko ta hannu ce.”

Da muka gaya wa Baba sai ya girgiza kai.

“Mota ana ciyar da ita kamar mutum. Kun san kuɗin mai yanzu?”

Muka ƙyale shi. Bayan kwana uku ina wanke-wanke ya zo ya tsaya a bayana ya ce, “Idan har za ku saya, ni zan zaɓa.”

Na ce ai dama shi ya san mota, mu me muka sani.

Ranar Asabar ta farko muka je wajen masu sayar da motoci a hanyar Jos. Terfa ya riga ya cika min waya da hotuna, duk ƙananan motoci masu sheƙi, irin waɗanda idan mutum ya fito daga ciki a harabar coci sai an juyo an dube shi. Dillalin da aka haɗa mu da shi, Malam Izzuddeen, mutum ne mai fara'a da yawan zance. Ya kai mu gaban wata baƙar mota da aka goge har ina ganin ɗankwalina a jikinta.

“Baba, wannan ’yar Beljiyam ce, ba ta taɓa shan wahalar Najeriya ba. Mace ce ta tuƙa ta a can, daga gida sai ofis.”

Baba ya ce a tayar da ita. Ya tsaya ya sunkuyar da kai kamar mai sauraron huɗuba. Ya zaro sandar baƙin mai ya murza ɗigo ɗaya tsakanin yatsunsa, ya shinshina. Ya bi jikin motar yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, har ya zo ƙofar baya ta hagu, inda sautin ya canza.

“Nan ta taɓa buguwa, an cike an yi fenti.”

Malam Izzuddeen ya yi dariya ya dafa ƙirji. “Wallahi Baba ka fi bakanikena. Ɗan gogewa ne kawai a jirgi.”

Sai Baba ya sa hannu a aljihu ya fito da tef ɗin awon Mama, wannan ruwan ɗorawa da lambobinsa suka fara gogewa. Ya buɗe ƙofar baya ya auna kujera daga wannan gefe zuwa wancan. Ya buɗe but, wurin kaya na baya, ya leƙa, ya tambaya ko kujerun baya suna kwantawa. Aka ce ba sa yi. Ya naɗe tef ɗinsa ya ce mu ga wata.

Mota bakwai muka duba ran nan, duk haka. Injin da ya gamsar da shi ma, idan ya auna baya sai ya wuce. Tef ɗin tela inci sittin ne kawai, shi kuma saba'in da biyu yake nema, don haka sai ya auna ya danne wurin da babban yatsa, ya ja tef ɗin ya ƙara sha biyu. Rana ta take, masu wanke motoci sun daina aiki suna kallonmu. Kunya ta kama ni.

Malam Izzuddeen ya kasa haƙuri. “Baba, don Allah me za ka riƙa ɗauka ne? Ba dai gawa ba?”

Ya faɗa da wasa, amma Baba bai yi dariya ba.

“Masu rai,” in ji shi.

Da yamma Terfa ya kira, na ba shi labari. Ransa ya ɓaci. Ya ce shi ba zai sa guminsa a motar da za a ce ta ɗaukar awaki ce ba, mutumin da ya yi shekaru yana buɗe wa wasu ƙofa ya kamata a gan shi cikin mota mai daraja. Na fahimce shi, domin ni ma abin da ke raina ke nan. Na miƙa wa Baba wayar. Ya saurara har Terfa ya gama, sannan ya ce da harshen Tibi, a hankali, idan sun fasa ba komai, babur ɗinsa na nan. Ya miƙo min wayar ya fita ba wa kaji ruwa.

Asabar ta biyu ba mu samu komai ba. Ta uku ban ma so zuwa ba, na ce ina da takardun jarrabawa da zan duba. Ana cikin haka sai ga kiran Malam Izzuddeen.

“Malama, na samo wa Baba irin tasa. Ba a wajena take ba, tana Agyaragu, gidan wani tsohon hedimasta. Amma ki gaya masa tun yanzu, ba ta da kyan gani.”

Shi ya ɗauke mu a motarsa. Hedimastan, Mista Augustine, ya tsufa sosai, gwiwa ta hana shi taka kulochi, ’ya’yansa kuma sun ce ya koma wajensu Makurdi. Motar na ajiye gindin mangwaro, doguwa ce mai dogon baya, ruwan toka, fentin rufinta ya ƙone da rana, ganye ya taru a gindin gilashi. Wata kaza ta fito daga ƙarƙashinta da ’ya’yanta. Na dubi Malam Izzuddeen, ya ɗaga kafaɗa.

Tsofaffin biyu suka gaisa da Tibi, suka gano cewa ƙauyukansu na kallon juna, rafi ne kawai a tsakani. Mista Augustine ya shiga ɗaki ya fito da wani littafin makaranta inda ya rubuta ranar da aka canza mai da ranar da aka canza taya tun da ya sayi motar. Baba ya karɓa da hannu biyu. Aka tayar da ita, ta yi tari sau biyu ta kama. Baba ya sunkuyar da kai ya saurara, ya daɗe, na ga gefen bakinsa ya ɗan motsa. Ya ce bel ɗin fanka ya saki, shokazoba ɗaya ta baya ta gaji, sauran lafiya lau. Mista Augustine ya ce haka ne, bai ɓoye ba.

Sannan Baba ya ɗaga ƙofar baya, ya ja wani ƙarfe, kujerun suka kwanta suka zama shimfiɗa ɗaya. Ya auna sittin, ya danne da yatsa, ya ƙara sha biyu. Har da ragowar wuri.

“Vera, shiga ki kwanta.”

“Baba?”

“Kwanta. Kai a nan, bayan kujerata.”

Ina sanye da atamfar da nake zuwa biki da ita. Matar Mista Augustine da jikokinta mata sun fito ƙofa suna kallo. Na buɗe baki zan yi gardama, sai na ga fuskarsa, irin wadda yake yi da can idan an aiko daga asibiti ana nemansa. Na cire takalmi na shiga na kwanta. Matar gidan ta kawo tabarma da matashi aka sa min.

Ya ja motar, daga shi sai ni. Bai bi kwalta ba, ya karya ta wata hanyar gona mai ramuka da tushen itace. Daga inda nake ba na ganin komai sai rufin motar da rassan bishiyoyi suna wucewa ta gilashi, da bayan kansa.

“Kin ji wannan ramin?”

“Kaɗan.”

“A ina? Baya ko wuya?”

“A ƙugu.”

“Shokazoba ce. Za a canza.”

Ban taɓa shiga motar da Baba ke tuƙawa ba sai ran nan. Motar asibiti ba ta ɗaukar ’ya’yan direba. Sai na ji yadda yake yi: kafin rami ya sassauta tun daga nesa, ya shiga da taya ɗaya, ya fita da ɗaya, birkinsa ba ya fizgar mutum. Kaina bai bugu ko sau ɗaya ba. Na yi tunanin mutanen da suka kwanta a bayansa cikin shekara ashirin da tara, mata masu naƙuda, waɗanda mota ta buge, tsofaffi, duk bayan wannan kan suka kalla.

Can ya tsaya a inuwar wata ɗorawa ya kashe injin. Bai juyo ba.

“Kin san tabon da ke ƙafar mamanki?”

Na sani. Ƙuna ce a ƙwaurinta na dama, faɗin tafin hannu, ni na riƙa wanke mata ita a asibiti. An ce min a hanya ta samu, ban ƙara tambaya ba saboda lokacin ranta muke nema.

“Salansar babur ne,” in ji shi. “Ƙafar ta saki ta kwanta a kai. Tun daga gona. Ba ta ji ba, ko ta ji ba ta iya faɗa ba. Ni ina gaba ina gudu, ban sani ba. Sai da muka sauke ta nas ta nuna min.” Sai ya ƙara da cewa, “Mutum nawa na kai asibitin nan, ko gwiwar hannunsu ban bari ta bugu ba. Matata kuma na kai ta kamar buhun rogo.”

Muryarsa ba ta canza ba. Na tashi zaune na dafa kafaɗarsa ta tsakanin kujeru. Na ce, “Baba, ai kai ka kai ta da rai.” Ya ɗora hannunsa a kan nawa. Muka zauna haka har wani mai babur ɗauke da itace ya zo yana mana hon mu ba shi hanya.

Kafin mu koma gidan hedimasta na kira Terfa na gaya masa duk abin da Baba ya ce. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, “Ku saya. A canza duk abin da ya ce a canza.”

Sati ɗaya ta yi a wajen bakanike, Baba na zaune a kan benci yana kallon kowane ƙusa da aka kwance. Ya je kasuwa aka yanka masa katifa daidai bayan motar, aka rufe ta da leda mai kauri. Ya sayi bokiti ƙarami da tawul biyu da tocila. Ranar da ya kawo ta gida maƙwabta suka fito ana ta sa albarka, yara na zagaye ta. Ya shiga ya fito da Mama a hankali, ya kai ta bayan motar, ya ɗaga ƙofa ya nuna mata shimfiɗar da sabon zanin gado a kai.

Mama ta dubi katifar, ta dube shi.

“Wa zai kwanta a nan?”

“Ke. In za mu asibiti, ba sai kin wahala da zama ba.”

“Hemba, ni na ce maka na gaji da zama? Wata huɗu ina kwance ina kallon silin, yanzu kuma ka sayo min wani silin mai taya?” Ta buga sandarta a ƙasa. “Buɗe min gaba. Shekara arba’in ina jiran in zauna a gefenka a mota, mutane su gan ni.”

Matan unguwa suka fashe da dariya, har da guɗa. Baba ya tsaya riƙe da ƙofa, kunya ta rufe shi, sannan shi ma ya yi dariya, irin wadda rabon da in ji ta tun kafin ciwon. Ya buɗe mata gaba, ya ɗaga ƙafar da ba ta da ƙarfi ya shigar, ya ɗaura mata bel. Suka zagaya gari su biyu, ta kasuwa, ta gaban coci, Mama ta sauke gilashi tana ɗaga wa duk wanda ta sani hannun hagu.

Katifar ba ta zauna banza ba. Labari ya bazu daga unguwarmu har gonakin Adogi cewa Baba Hemba na da motar da ake kwanciya. Ya kawo wata matar rugar su Wakili da haihuwa ta zo mata da gardama, ya kawo wani manomi da maciji ya sara a kunyar doya, ya kai wata tsohuwa maƙwabciyarmu Keffi ya dawo da ita. Ba ya yanka wa kowa kuɗi. Mai hali ya zuba mai, marar hali ya kawo doya ko ƙwaryar nono, wani ma godiya kawai. Terfa ya zo Ista ya ga motar da fentinta ƙonanne, ya zagaye ta sau biyu, ya ce a bari ya sa a yi mata sabon fenti. Baba ya ce sababbin taya biyu sun fi fenti.

Bana ya cika saba’in da ɗaya. Watannin baya ya ce min ba ya son motar ta zama ta mutum ɗaya, idan shi ne ya faɗi wa zai tuƙa? Ya fara koya min a filin makarantarmu ranar Asabar. Yakan cika kwano da ruwa ya ajiye a kan katifa, ya ce in zagaya filin sau uku kar ruwan ya zube. Makonni na yi ina jiƙa masa katifa yana shanyawa, bai taɓa ɗaga min murya ba.

Asabar da ta wuce muka je gona mu uku, Mama ta zauna a inuwa tana ba masu tonon rogo umarni. Da za mu dawo Baba ya miƙo min makulli. Mama ta zauna a gaba kamar kullum, shi ya ɗaga kujera ɗaya ya zauna a baya. Na fito daga hanyar gona ina gumi, na hau kwalta a Adogi, ina jiran in ji ya ce in rage ko in canza giya. Ban ji komai ba. Mun kusa shiga gari Mama ta taɓa min gwiwa ta nuna baya da haɓa. Na duba madubi. Kansa ya jingina da gilashi, hularsa ta zame, bakinsa a ɗan buɗe.

“Tun da na aure shi,” in ji Mama ƙasa-ƙasa, “ban taɓa ganin ya runtsa a motar da wani ke ja ba. Ki bi ta doguwar hanya, kar ki tashe shi.”

Na kunna sigina na karya ta hanyar da ke zagaye kasuwa.